A Sake Bel Ɗin Mota A Gida, Kada Ya Tsinke A Daji

A cikin kayan mota duka da wuya a sami abin da ya kai bel araha, da wuya kuma a sami abin da ya kai shi iya katse wa mutum tafiya. Igiya ce kawai ta roba, faɗinta kaɗan ya ɗara na babban yatsa, tana can gefen inji inda ido ba ya cika kai wa. Amma ran da ta tsinke, motar da aka yi shekaru ana tara albashi kafin a saya sai ta koma tulin ƙarfe a bakin hanya. Saboda haka mu ka ga ya kamata mu yi magana a kanta da akawuna da malaman makaranta na ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun, waɗanda da yawansu yanzu su ne masu mota, su ne kuma direbobin kansu.

A zamanin En'e ba a damu akawu da wannan zance ba. Mota ta hukuma ce, tana da direbanta, tana da wurin gyaranta, akawu kuwa keke ya ishe shi. En'e ta zama tarihi tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976, aka kuma yanke Jihar Zamfara daga Sakkwato ran 1 ga Oktoba, 1996, aiki ya koma Gusau. Yau malami ya kan kwana a Mafara ya karantar a Bakura, akawu ya kan tashi daga Maradun ya kai takarda Gusau ya komo a yini guda. Mafara tana kusan rabin hanya tsakanin Gusau da Sakkwato, kowace fuska mutum ya dosa akwai daji mai tsawo tsakanin gari da gari.

Ba sai mun tsawaita a kan halin da wannan daji ya shiga ba, gama masu karatu sun fi mu sani. A shekarar 2021 kaɗai an sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe cikin Fabrairu, aka auka wa Kwalejin Aikin Gona ta Bakura cikin Agusta, aka kwashe ɗalibai daga makarantar Kaya ta ƙasar Maradun ran 1 ga Satumba. Bayan wannan hukuma ta sa aka rufe layukan waya a jihar har makonni da dama, wanda motarsa ta mutu a hanya a kwanakin nan ko makaniki bai iya kira ba. A wata ƙasa tsinkewar bel ɓacin rai ne na awa biyu. Tsakanin Lambar Bakura da Tureta, ko wajen mararrabar Mayanchi, bayan la'asar sakaliya da iyali a mota, magana ce ta rai. Bel ba ya shawara da mai mota a kan inda zai tsinke. Abin da ke hannun mai mota shi ne ya riga shi, ya zaɓi rana da wuri da kansa, watau ƙofar gidansa, ran da ba aiki, da sanyin safiya.

Abin Da Bel Ke Yi

Mutanen wannan ƙasa ba baƙin bel ba ne. Tun da kamfanin Impresit na Italiya ya gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato cikin 1978, noman rani ya kafu, injunan casar shinkafa da na niƙa su ka yawaita. Kowane yaro ya ga yadda inji ke juya dutsen niƙa da ke nesa da shi ta hanyar bel. To, haka abin ya ke a mota. A ƙasan inji akwai wata ƙafa mai juyawa, makanikai na ce mata fuli, tana manne da sandar da fistin ke murzawa. Daga wannan fuli na ƙasa ƙarfi ke fitowa, bel ne ke ɗaukarsa ya rarraba wa sauran.

Masu cin moriyarsa galibi huɗu ne. Akwai altaneta, magajin dainamo na motocin dā, wanda ke cika batir ya kuma ba fitilu da fulogi wuta. Akwai famfon ruwa, mai kora ruwa daga inji zuwa lagireto ya huce ya komo. Sa'an nan famfon man sitiyari, da kwamfiresa mai sanyaya cikin mota. A motocin dā, irin su Peugeot 404 da 504 waɗanda masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975 ta cika Arewa da su, a kan yi amfani da siririn bel mai tsinin ciki wanda ke nutsewa cikin kwarin fuli. Shi ne fanbel da kowa ya sani, an ba shi sunan ne don shi ke juya fankar lagireto. Wani Ba'amurke mai suna John Gates, na birnin Denver, shi ya ƙago shi cikin 1917. Mota mai kayan jin daɗi da yawa ta kan ɗauki irinsa biyu ko uku, kowanne da aikinsa.

Daga baya masu ƙera motoci su ka ga gara a haɗa aikin duka a kan bel ɗaya, mai faɗi, mai tsagi-tsagi a ciki, bayansa sumul. Motar Ford Mustang ta 1979 tana cikin na farko da su ka fito da shi. Turawa sun yi masa suna da tafiyar maciji, domin yadda ya ke lanƙwashewa, ya hau wannan fuli ta ciki, ya kewaye wancan ta baya. Yawancin motocin da su ka tsallako mana ta tashar jirgin ruwan Ikko ko ta Kwatano cikin shekarun nan, irinsa ke jikinsu. Yana da amfani ƙwarai: ya fi daɗewa, ba ya cin wuri, kuma a yawancin motoci akwai wani fuli mai sifirin, wanda a gareji a ke kira ajasta, da ke matse shi kullum ba sai an ɗaure ba. Aibinsa guda ne, amma babba. An zuba ƙwai duka a kwando ɗaya ba za mu ce ba, gama Bahaushe cewa ya yi in bera da sata daddawa ma da wari: mu ma da mu ka karɓi sauƙin, mu ka daina leƙa inji, muna da namu laifin. Ran da wannan bel ɗaya ya tafi, kome da kome ya tafi tare.

Sai a lura, kada a rikita shi da taimin bel. Wancan yana ɓoye cikin murfi, yana da haƙora a gicciye, shi ke daidaita buɗewar bawul da motsin fistin. In aka kuskure haƙori ɗaya wajen sa shi, inji ba zai yi daidai ba, a waɗansu motoci ma fistin ya kan doki bawul a yi babbar hasara. Wannan ba aikin ƙofar gida ba ne, a kai wa gwani. Abin da ya kamata mai mota ya tambaya game da shi abu ɗaya ne: wane ne ke juya famfon ruwan motata? A Corolla ta 2003 zuwa 2008, da Accord mai silinda huɗu ta 2003 zuwa 2007, bel na waje ne. A tsohuwar Camry mai inji 2.2 kuwa taimin bel ne. Amsar tana da nauyi, domin ita za ta nuna ko mota za ta iya rarrafawa zuwa gari na gaba bayan bel ya tsinke, ko kuwa mintoci kaɗan su ka rage mata.

Yadda A Ke Gane Ya Gaji

Ƙasarmu ba ta tausayin roba. Daga Maris zuwa Mayu zafi ya kan wuce awo 40 a inuwa, balle ƙarƙashin bonet. Hunturu ya zo da ƙura mai laushi wadda ke shiga tsagin bel tana cinsa kamar yashin goge tukunya. Da damina kuma wanda ke bin hanyoyin jan ƙasa na gefen magudanan Bakolori ya kan kwaso taɓo da tsakuwa, tsakuwa ɗaya in ta maƙale a kwarin fuli ta isa ta huda bel. Saboda haka lissafin da masu yin bel su ka bayar, a rage masa wani abu a nan.

Lissafin kuwa iri biyu ne, don robar iri biyu ce. Bel na dā, har wajen ƙarshen shekarun 1990, da wata roba a ke yinsa mai suna niyofirin. Ya kan yi mil 50,000 zuwa 60,000, in ya tsufa kuma ba ya ɓoyewa, sai ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Ƙa'idar makanikai a kansa ita ce, in an ƙirga tsaguwa uku cikin inci uku, ya gama aiki. Na yanzu da robar EPDM a ke yi, ya kan kai mil 100,000, watau kilomita 160,000. Amma shi munafuki ne. Ba ya cika tsagewa, sai dai ya yi ta sudewa a hankali kamar taya, tudun tsaginsa na sirancewa, kwarinsa na faɗaɗa, har ya daina kama fuli sosai. Mutum ya duba ya ga baƙi wul, ba tsaga ko ɗaya, ya ce lafiya lau, alhali saura ƙiris. Hanyar ganewa ita ce a gwada shi da sabo: a sabo kwarin tsagin tsukakke ne mai tsini, a sudadde ya yi faɗi, gindinsa ya yi zagaye. Ga kuma wata matsala. Motar da ta yi shekara goma sha biyar a Turai ko Amurka kafin ta iso Mafara, ba wanda ya san ranar da aka sa mata bel, kuma ba kowane lissafin tafiya da ke allon gaban direba ne abin gaskatawa ba. Shawararmu ga wanda ya sayi irin wannan mota ita ce ya ɗauka bel ɗinta tsoho ne tun ranar saye.

Sauran alamu kunne ke kama su. Ƙara mai tsawo kamar kukan shaho da safe, ko lokacin da aka murɗa sitiyari har ƙarshe, ko aka kunna na'urar sanyi, tana nuna bel na zamewa. Ƙaramar ƙara mai maimaituwa kamar ta 'yan tsaki ta fi nuna wani fuli ya kauce daga layin 'yan'uwansa. Akwai gwaji mai sauƙi da masu yin bel su ka koyar. Inji na aiki, a tsaya nesa kaɗan a fesa ruwa a cikin bel, wajen tsagin. In ƙarar ta ɗauke sa'an nan ta komo, karkata ce. In ta ƙaru, rashin matsi ne, a tuhumi ajasta.

A nan dole mu yi tir da wata al'ada ta tasha. In bel ya yi kuka sai a ga yaron mota ya goga masa sabulu, ko kyandir, ko ya ɗiga masa man birki ko baƙin mai. Kukan ya kan tsaya, gaskiya ne, kamar yadda mai ciwon haƙori ke samun barci in ya sha magani, haƙorin kuwa na nan na ruɓewa. Robar EPDM ba ta jimirin man fetur da danginsa, tana kumbura ta yi laushi. Wanda ya yi haka ya kashe ɗan aiken da ya zo masa da gargaɗi ne kurum.

Sayen Sabo

Kada a tafi kanti da sunan mota kaɗai. Mota iri ɗaya, shekara ɗaya, ta kan zo da inji iri biyu, wata da na'urar sanyi, wata an cire. A bayan kowane bel akwai lamba, akawu kuwa ba a koya masa karanta lamba. In an ga, misali, 6PK1750, to 6 yawan tudun tsagi ne, PK irin girman tsagin ne, wanda tsakanin tudu da tudu milimita 3.56 ne, 1750 kuwa tsawon bel ne da milimita. Waɗansu na Amurka da inci su ke lissafi, amma galibi su kan buga lambobin biyu. In lambar ta goge, a zagaya igiya ta bi hanyar bel daidai, a yi mata alama, a auna, a ƙirga tsagi. A sani kuma tsohon ya ɗan miƙe, sabo zai ɗan gaza shi kaɗan.

Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, darajar naira kuma ta faɗi cikin watannin da su ka biyo, kayan mota sun yi tsada, albashi bai bi su da gudu ɗaya ba. Mun san dalilin da ke sa malami ya miƙa hannu ga mai araha. Amma araha ba ta ado, jabun bel kuwa ya yi yawa a kasuwa, har da masu ɗauke da sunayen manyan kamfanoni irin su Gates da Bando da Dayco da Continental. A lanƙwasa shi a hannu, a duba gefensa. Na kirki za a ga zaren da ke cikinsa a jere daidai, yankan gefen sumul, rubutun bayansa ba ya gogewa da yatsa. Game da bel na hannu, wanda aka ciro daga mataccen inji, ra'ayinmu a fili ya ke. Ƙofa ko fitila ko ma altaneta na hannu ba laifi. Roba kuwa tana tsufa ko a ajiye ta ke, sayen tsohuwarta sayen ranar tsinkewa ne da ba a sani ba.

Ranar Aiki

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kada a yi wannan aiki da asubar ranar da za a Gusau. A zaɓi ranar hutu, inji ya kwana ya huce sarai. A tsai da mota a wuri mai daidai, a ja birkin hannu, a tokare taya da duwatsu. A zare makulli a sa aljihu, domin yaro ya kan shiga mota ya murɗa abin da ya ga babansa na murɗawa. A kwance kan batir mai alamar ragi, gama fankar lagireto ta motocin yanzu da lantarki ta ke aiki, tana iya tashi da kanta. A tuɓe babbar riga, a ajiye rawani da carbi da agogo da zobe. Kayan aiki ba su da yawa: dogon sifana, fitilar hannu, tsumma, takarda da alƙalami.

Takarda da alƙalamin nan su ne rabin aikin. Kafin a taɓa kome, a zana kowane fuli a inda ya ke, a ja layi ya bi hanyar bel, ana nuna inda ya bi ta sama da inda ya bi ta ƙasa. Waɗansu motoci suna da zanen a manne ƙarƙashin bonet, amma zafi da shekaru sun cinye na yawancinsu. A ɗauki hoto da waya ta fuska biyu ko uku, a kuma yi zanen duk da haka, domin hoto ba ya ganin na can ƙasa. Wanda ya ce zai riƙe a ka, sai ya tarad da fuli shida ko bakwai suna kallonsa, hanyoyi da yawa duk sun yi kama da gaskiya. Ƙa'ida ɗaya ce ke taimako: cikin bel mai tsagi ya kan hau fuli mai tsagi, bayansa mai sumul ya kan hau fuli mai sumul. Kuskure a nan ba ƙarami ba ne. A injuna da yawa bayan bel ne ke juya famfon ruwa, in aka bi da shi ta ɗaya gefen sai famfon ya juya baibai, inji ya yi zafi, alhali ido na ganin kome na juyawa.

A ƙananan motocin yanzu inji a gicciye ya ke, bel na matse tsakaninsa da jikin mota, galibi wajen tayar gaba ta dama. Wani lokaci sai an cire tayar da murfin robar da ke bayanta kafin hannu ya kai fuli na ƙasa. In haka ta kama, kada a amince da jak shi kaɗai. A tokare motar da gungumen itace mai ƙarfi, a kuma tura tayar da aka cire ƙarƙashinta.

Sa'an nan a nemi ajasta. A jikinsa akwai wurin da aka yi domin sifana, ko kan noti mai kusurwa shida, ko rami mai kusurwa huɗu. A Corolla da mu ka ambata sifana mai lamba 19 ne, a Accord mai lamba 14. Nufin ba a kwance kome ba ne, a tura hannun ajasta ne gaba da ƙarfin sifirin har bel ya saki. A danna a hankali, da ƙarfi mai ɗorewa, ba da fizga ba. In bel ya yi sako-sako, a zame shi daga fuli na sama da ɗaya hannun, sa'an nan a saki sifana sannu-sannu har ajasta ya tsaya da kansa. Sifirin ɗin nan yana da ƙarfin karya yatsa. Kada yatsa ya shiga tsakanin bel da fuli ko da ƙiftawar ido, kada kuma mai taimako ya sa fuskarsa a layin sifana. Motar da ba ta da ajasta mai sifirin, a kan sassauta kusoshin altaneta ne, a juya dogon noti na daidaitawa har ya matso. Akwai kuma wani irin bel mai miƙewa a waɗansu motocin Ford da Mazda da Subaru, wanda ba shi da ajasta ko kaɗan, sai da ƙarfe na musamman a ke ɗora shi. Wanda ya duba bai ga ajasta ba, bai ga noti na daidaitawa ba, ya mai da bonet ya tafi gareji.

Yanzu bel ya fita, a nan mai mota ya fi makaniki dama, domin shi ba wanda ke jiransa a layi. Kada a yi gaggawar sa sabo. A juya kowane fuli da hannu, ban da na ƙasa wanda ba zai juyu ba. Mai lafiya ya kan juya shiru, da ɗan nauyin giris. Wanda ya yi gurnani kamar akwai yashi a ciki, ko ya yi ta juyawa sakaka yana ƙara kamar kwano, boris ɗinsa ya bushe. A kama shi a girgiza, bai kamata ya yi lilo ba. A haska ƙarƙashin famfon ruwa, in an ga busasshen gishiri-gishiri fari ko kore ko ja, ya fara yoyo. A duba bayan fuli na ƙasa ko baƙin mai na tsatsa, domin mai zai kashe sabon bel kamar yadda ya kashe tsohon. A motsa hannun ajasta da sifana, ya tafi ya komo ba cijewa. Sau da yawa bel ba shi ne mai laifi ba, boris ne ya cije ya ƙone shi, wanda kuwa ya sa sabo a kan mataccen boris zai sake saye kafin wata ya ƙare. Ajasta da bel kusan tsaransu ɗaya, in ɗaya ya tsufa ɗayan ma ba yaro ba ne. Canjin ƙaramin fuli kusa ɗaya ce, mai ƙarfin hali ya iya. Famfon ruwa da yoyon mai kuwa a bar wa makaniki, amma an je masa ke nan da sanin abin da a ke so, ba a je a ce masa mota na wani irin kuka ba.

A share kwarin kowane fuli da busasshen burushi, a fid da taɓo da tsakuwa. A jera sabon bel da tsohon, a tabbata tsaginsu ɗaya, tsawonsu ya yi kusa. A fara ɗorawa daga fuli na ƙasa, a bi zanen, a bar na ƙarshe ya zama wanda hannu ya fi kai wa, in da hali mai sumul, don ba shi da leɓen da za a tsallake. A danna ajasta, a zura, a saki a hankali. In ya ƙi shiga, kada a ɗauko sukundireba a banƙare shi, zaren ciki zai tsinke ba a gani ba. Ƙin shiga na nufin ko an ɓata hanya, ko bel bai zauna cikin kwarin wani fuli na ƙasa ba, ko lambar ba ita ba ce.

Kafin a ta da inji, a bi kowane fuli da fitila da yatsa, gaba da baya. Kuskuren da ya fi yawa shi ne bel ya hau da tsagi ɗaya a waje. Ido daga sama ba ya gani, amma cikin 'yan mil kaɗan leɓen fuli zai yanke gefen ya zama zare-zare. A ƙirga kayan aiki a tabbata ba a bar sifana a ciki ba, a mai da kan batir, a ta da inji minti guda ana kallo daga gefe. Bel ya gudu a miƙe, hannun ajasta ya ɗan yi rawa kaɗan ba tsalle ba, jar fitilar batir ta mutu. Mai ma'aunin lantarki zai ga batir ya tashi daga wajen 12.6 zuwa tsakanin 13.5 da 14.5. A kashe, a sake dubawa. Ga motar da a ke ɗaure bel ɗinta da hannu, a danna tsakiyar wuri mafi tsawo da babban yatsa, ya nutsa kamar santimita ɗaya. A sake gwadawa bayan kwana biyu ko uku, gama sabo ya kan saki. Kada a ce tsananin ɗauri shi ne tsaro, yana cin boris na altaneta da na famfon ruwa.

In Ya Riga Ya Tsinke

Wanda abin ya riske shi a hanya zai ga jar fitilar batir ta kama, sitiyari ya yi nauyi farat ɗaya, allurar zafi ta fara hawa. Sitiyarin bai mutu ba, ƙarfi ya ke so, a riƙe da hannu biyu. Birkin motar fetur na nan da ƙarfinsa muddin inji na aiki, amma a waɗansu tsofaffin motocin dizal famfon iskar birki yana bayan altaneta, nasu birkin zai taurare bayan taku kaɗan. Batir shi kaɗai zai iya riƙe inji ɗan lokaci in an kashe fitilu da rediyo da fanka. Abin tsoro zafi ne. Kan injin yanzu da alminiyum a ke yi, in ya dahu ya kan karkace, gaskit ya ƙone, kuɗin gyaran ya ninka na bel sau da yawa. Duk da haka ba za mu ce wa kowa ya tsaya a mugun wuri don ya ceci inji ba. In wurin bai kwanta wa mutum a rai ba, ya tafi minti ɗaya ko biyu yana kallon allura, ya kashe kafin ta kai ja, ya bari ya huce, ya sake, har ya kai inda mutane su ke. Kada a buɗe murfin lagireto da zafi. Dabarar direbobin dā ta ɗaura igiya a madadin fanbel ta yi aiki a kan 504, domin kwarin fulinta mai zurfi ne, hanyar kuma gajeriya. A kan fuli mai ƙananan tsagi da ajasta mai sifirin, igiya ba ta zama.

Tsohon bel da aka cire a gida, in bai tsinke ba, kada a ba yara su yi wasa da shi. A naɗe shi ba tare da an karya shi ba, a sa cikin leda nesa da galan ɗin mai, a ajiye a but tare da sifanan da ya dace da takardar zanen nan. Wanda ya taɓa yin aikin sau ɗaya a tsanake, zai iya maimaita shi a bakin hanya cikin ɗan lokaci, in dai ba boris ne ya cije ba. A bayan takardar a rubuta lambar bel, da ranar da aka sa shi, da lissafin tafiyar da allo ya nuna a ranar, da girman sifana. A riƙa leƙa bel ɗin duk ran da aka sake baƙin mai, da kuma bayan kowace tafiya da aka ratsa ruwa ko taɓo.